A Cire Ko A Gyara? Tambayoyin Da Masu Ciwon Haƙori Ke Yi Mana A Garwa

Mafi yawan waɗanda ke shigowa ɗakin haƙori sun riga sun yanke hukunci tun daga gida. Mutum zai zo da rawani ko gyale a ɗaure a muƙamuƙi, ido ja don rashin barci, kafin ya zauna ya ce, "Likita, a cire shi kawai." Wani lokaci gaskiyarsa ce. Wani lokaci kuma haƙorin da ciko na rabin awa zai ishe shi ne ake neman a tumɓuke. Ga tambayoyin da muka fi ji daga mutanen Garwa, a Arewacin Kamaru, da masu zuwa daga Pitowa, Lagdo, Gidar, Poli, har da baƙin Marwa da Kusiri.

Kwana uku ban runtsa ba. Me zai hana a fizge shi in huta?

Zafin ciwo ba shi ne ma'aunin lalacewa ba, ɗan'uwa. Akwai haƙorin da ke sa ƙato kuka alhali jikinsa na nan garau, rami ne ƙarami ya isa jijiya. Akwai kuma wanda ya ruɓe har saiwa, ya zama kututture, amma mai shi bai taɓa jin ko ɗar ba. Na farkon ana iya ceto shi, na biyun ne ya kamata ya fita. In aka bi ciwo kaɗai, za a cire mai kyau a bar mataccen.

Kuma ciwon yana da mafita ba sai da awartaki ba. In aka yi allurar kashe zafi, aka buɗe haƙorin aka fitar da jijiyar da ta kumbura, yawanci a ranar mutum ke samun barci.

To me likita ke dubawa kafin ya ce a cire ko a bari?

Haƙori hawa uku ne. Farin ɓawon da ake gani a waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan laushi, kalar rawaya, shi ne ke jin sanyi da zaƙi. A can tsakiya kuma akwai ɗaki mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, yana gangarawa ta cikin saiwa har ƙashin muƙamuƙi.

In rami bai kai wannan ɗaki ba, aikin ciko ne, abin da mutanen nan ke kira fulombaj: a kankare ruɓar, a cike, a tafi gida. Alamarsa ita ce haƙori ya amsa in an sha ruwan sanyi ko shayi mai sukari, ya saki nan take. In kuwa ciwon na tasowa da kansa, ya fi tsanani da dare in an kwanta, yana bugawa kamar ganga, to ramin ya isa ɗaki, ciko kaɗai ba zai yi ba.

Daga nan abin da likita ke tambayar kansa shi ne: me ya rage? In an gama kankare ruɓar akwai sauran bango mai ƙwari sama da dasashi da za a gina a kai? Saiwar lafiya take ko ta tsage? Ƙashin da ke riƙe da ita yana nan ko ciwon dasashi ya cinye shi har haƙorin na rawa? Ido kaɗai ba ya amsa waɗannan, shi ya sa ake tura ka hoton ƙashi, abin da mutanen nan ke kira radiyo. Haƙorin da ya tsage tun daga kai har cikin saiwa, ko wanda ruɓa ta ci har ƙasa da ƙashi, ko mai girgiɗi ta ko'ina, babu dabarar da za ta tsayar da shi. Duk wanda ya ce maka zai gyara irin wannan, kuɗinka yake so.

An ce a "kashe min jijiya". Mene ne wannan, kuma yana ɗorewa?

Shi ne abin da za ka ga an rubuta a takardar kuɗi da Faransanci, debitalizasiyon. Ana huda haƙorin ta sama, a fitar da jijiyar da ta kamu, a bi kowace saiwa da wasu siraran ƙarafa kamar allura ana gogewa ana wankewa da magani, sannan a toshe ramukan da wani abu mai kama da roba don kada ƙwayoyin cuta su sake samun wurin zama. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, aikinsa da sauƙi. Turmi kuwa, wato manyan haƙoran tauna na baya, yakan zo da hanyoyi 3 ko 4, wasu a lanƙwashe, shi ya sa yakan ci zuwa biyu ko uku.

In an yi shi da kyau, haƙorin na iya yi maka hidima shekaru masu yawa, wasu har ƙarshen rai. Amma akwai sharaɗin da ake yawan ɓoye wa mutane, ko su ƙi ji: haƙorin da aka kashe wa jijiya ya riga ya rasa naman jikinsa da yawa, ya zama kamar tukunyar ƙasa da aka rarake. In turmi ne, yana bukatar a sa masa hula, kuron, wadda za ta rufe shi ta ɗaure bangwayensa. Ba tare da ita ba, wata rana kana cin kilishi ko ka ci karo da tsakuwa a cikin shinkafa, sai ka ji ƙas, ya dare biyu. Nan kuɗin da aka kashe duk ya tafi, a koma ga cirewar da aka guje wa.

Saboda haka kafin a fara, tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya: hoto, kashe jijiya, ciko na dindindin, da hula. Kada ka yarda da kuɗin zuwan farko kawai.

Daga ƙauye nake, kuma abin hannuna kaɗan ne. Gaskiya, wanne ya fi min?

Nan ne nake saɓawa da masu cewa kowane haƙori dole a cece shi. Wannan magana ce ta mai zaune kusa da asibiti. Yawancin likitocin haƙori na Kamaru suna Yawunde da Duwala, a Arewa kuwa sai manyan garuruwa irin su Garwa, Marwa da Gaundare. A Cadi ma haka, Injamena ce ta kwashe mafi yawa. Wanda zai taso daga wajen Poli ko Rai Buba da damina, ya biya mota zuwa da dawowa sau uku, ya bar gonar auduga ko shanu, lissafinsa daban ne.

Abin da muka fi gani shi ne mutum ya yarda a fara aikin, a buɗe haƙori a sa ciko na wucin gadi, ciwo ya lafa, shi ke nan ba a sake ganinsa ba. Wannan cikon an yi shi ne don 'yan makonni. Yakan zaizaye, abinci da miyau su shiga, bayan wata shida ko shekara mutumin ya dawo da kunci kamar an hura balan-balan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ka san har zuciyarka ba za ka iya kammalawa ba, kuma haƙorin na can baya ne, cirewa mai tsabta a asibiti ta fi gyaran da aka bari rabi.

Sai dai akwai haƙoran da nake ganin sun cancanci a sayar da akuya dominsu: na gaba, da fiƙa, da turmin farko in mai shi matashi ne. Haka kuma haƙorin da shi kaɗai ya rage maka kake tauna da shi a wannan gefen.

Haƙori 32 ne fa a baki. In ɗaya ya tafi me zai ragu?

Ya danganta da wanne. Haƙorin hankali, na ƙarshe can ƙurya wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, in ya ruɓe ko ya fito a karkace yana cin dasashi, babu mai yi masa kuka. Amma turmin da ke tsakiyar layi in ya fita, maƙwabtansa ba sa zama lafiya. Na bayansa yakan kwanto cikin giɓin a hankali, na samansa da ya rasa abokin haɗuwa ya riƙa zubowa ƙasa, tsakaninsu ya buɗe, abinci ya samu maɓoya. Ƙashin wurin kuma yana motsewa, musamman a watannin farko.

Ba cikin mako ɗaya wannan ke faruwa ba, shekaru ne. Kuma mutum na iya cin tuwonsa da namansa da haƙora 20 in suna haɗuwa da juna sama da ƙasa. Matsalar ita ce ba a tsayawa a ɗaya. Wanda ya saba da cewa maganin ciwon haƙori cirewa ce, bana ɗaya baɗi ɗaya, kafin ya cika hamsin ya koma kunu.

Ya yi ta ciwo, yanzu ya daina da kansa. Ya warke ke nan?

A'a, Malam, jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, sun gangara ƙarshen saiwa. In ka ga wani ɗan ƙurji a dasashi yana fitowa yana fashewa da mugunya, ko haƙorin ya yi duhu, alamar ke nan. Lokaci ne mai kyau na zuwa asibiti, tun babu kumburi.

Gaskiya ne cire haƙorin sama yana taɓa ido?

Ba gaskiya ba ne. Jijiyar gani daban, ta haƙora daban, ba su haɗa hanya ba. Inda nake zaton maganar ta samo asali shi ne fiƙar sama tana da doguwar saiwa, in ta yi mugunya kumburin na hawa har ƙarƙashin ido, ya rufe shi. Barin haƙorin ne haɗari ga idon, ba cire shi ba. Abin da ke da gaskiya shi ne saiwoyin turamen sama suna kusa da kogon iska na gefen hanci, don haka bayan an cire su likita kan hana ka fyace majina da ƙarfi na wasu kwanaki.

Kuncina ya kumbura. An ce ba a cire haƙori sai kumburi ya saɓe.

Wannan magana ta jinkirta mutane da yawa har ta kai su ga halaka. Kumburi na nufin mugunya ta taru, kuma maganinta a ba ta hanyar fita, ko ta cikin haƙorin, ko a tsaga, ko a cire shi. Wani lokaci likita kan fara da magani na kwana kaɗan in baki ba ya buɗuwa ko allura ba ta kamawa, amma shi zai yanke wannan bayan ya gani, ba mai kemis ba.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida, ko da tsakar dare ne: kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, harshe ya ɗago, haɗiye miyau ya gagara, numfashi ya yi nauyi, baki ya ƙi buɗuwa, ido ya rufe, ko zazzaɓi mai zafi. Irin wannan kumburin yana toshe maƙogwaro, yana kisa. A nufi babban asibitin jiha kai tsaye. Ga yara kuma, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda, in dasashi ya yi gyambo mai wari, kunci ya fara baƙi, wata cuta da ake kira "noma" ce ake tsoro, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2023. Cikin kwanaki take cin fuska.

Ina shan amoksisilin da filajil duk lokacin da ya motsa, kuma yana lafawa. Ba shi ke nan ba?

Maganin yana tafiya ta jini ne, mataccen haƙori kuwa jini ba ya shiga cikinsa. Don haka yana kwantar da abin da ya fito waje, gidan cutar na nan daram. Kana ta sha ƙwayoyin na sabawa, ranar da kake bukatar maganin da gaske ya ƙi aiki.

Na rage zafi kafin ka isa asibiti, farasitamol ya isa, babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligram 500 a yini da kwana. Ibufurofen ya fi kama ciwon haƙori, amma ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai tsohon ciki. Kanumfari yana da mai da ke daskarar da zafi na ɗan lokaci, ba laifi, ko mu a asibiti muna da abin da aka haɗa da shi. Amma asfirin da ake dannawa a dasashi ƙona nama yake. Taba gari, fetur, da ruwan batir da wasu ke ɗigawa a rami, na ga bakunan da suka ɓata fiye da yadda ciwon zai yi. Taramol kuwa, samari nawa ne suka fara shi da sunan haƙori suka kasa bari?

Tsutsar da masu maganin gargajiya na hayaƙi ke nuna maka a cikin ruwa ba daga bakinka ta fito ba. Abin da ke huda haƙori ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukari su fitar da tsami. Mai kurɓar shayi mai zaƙi kofi bayan kofi daga hantsi zuwa la'asar shi ke ciyar da su.

Mai cirewa a kasuwa ya fi araha nesa ba kusa ba.

Haka ne, kuma wasunsu hannunsu ya faɗa. Amma ba shi da hoto da zai ga lanƙwasar saiwa, in ta karye a ciki sai ya ce an gama. Babbar damuwata ma ba nan take ba. Awartakin da ya fito daga bakin wani ya shiga naka, tsoma shi a ruwan omo ba ya kashe cutar hanta, wadda ta yi yawa a wannan yanki namu, ballantana ƙanjamau. A asibiti ma kana da haƙƙin ka tambaya ko an dafa kayan a tukunyar tururi, ka kuma ga an buɗe sabuwar allura a gabanka.

Ina da ciki wata biyar. Surukata ta ce in jira sai na haihu.

Ki gaishe da Inna, amma ki zo. Allurar kashe zafi ba ta cutar da jariri, kuma tsakanin wata 4 zuwa 6 ne lokacin da ya fi sauƙi ga mai ciki ta zauna a kujerar. Mugunya da zazzaɓi da rashin cin abinci sun fi yi wa cikin illa. Ki dai faɗa wa likita tun farko don ya san maganin da zai rubuta.

Haka mai ciwon suga, mai hawan jini, mai sikila, da mai shan maganin tsinka jini: a zo da takardun magani, kada a daina shan komai sai likita ya ce. Mai suga in sukarinsa ya hau, ramin da aka cire haƙori ba ya saurin warkewa, don haka akan so a daidaita shi tukuna.

Yarona ɗan shekara bakwai turminsa ya ruɓe. Ai zai famfare ya sake fitowa?

A duba da kyau, Hajiya. Haƙoran nono 20 ne, kuma su ake famfara. Amma wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa a bayansu ba tare da komai ya faɗi ba, iyaye su ɗauka na nono ne. Wannan na dindindin ne, in ya tafi babu wani. Shi ne haƙorin da muka fi ganin an yi asararsa a banza. Ko na nonon ma ba a gaggauta cirewa, don shi ke riƙe wa na ƙarƙashinsa wuri, in ya fita da wuri sabon kan fito a karkace.

Ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya faɗi da ni, haƙorin gaba ya fita ɗungurungum.

Nemo shi. Ka riƙe shi ta kai, kada ka taɓa saiwa, kada ka goge ta da tsumma. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, in za ka iya ka mayar da shi raminsa ka cije ƙyalle mai tsabta. In ba za ka iya ba, saka shi cikin madara, ba kindirmo ko nono mai tsami ba, ka garzaya asibiti. Awa ɗaya ta farko ita ce komai, in ya bushe a aljihu da wuya ya kama. Haƙorin nono na ƙaramin yaro ne kaɗai ba a mayarwa.

'Yata haƙoranta sun yi ja-ja da ɗigo-ɗigo tun fitowarsu. Ruɓa ce?

In a wajen Mayo Tsanaga ta tashi ko wani wuri mai irin ruwansa, mai yiwuwa sinadarin fuloraid ne da ya yi yawa a ruwan rijiya da burtsatse ya rina su tun suna cikin ƙashi. Muni ne a ido, amma ba dalilin cirewa ba ne, ana iya rufe na gaba da farin ciko.

In an cire, me zan sa a giɓin?

Mafi araha haƙorin roba mai cirewa, ana yin sa bayan dasashi ya warke. Yana rufe giɓi, amma taunarsa ba ta kai ta na Allah ba, kuma dole a cire shi da dare a wanke. Sai gada, inda ake fere haƙora biyu na gefe a rataya sabon a tsakaninsu, wato ka taɓa lafiyayyu biyu saboda ɗaya. Sai dashe, ƙusar ƙarfen titaniyom da ake kafawa a ƙashi a jira wata 3 zuwa 6 ta kama. Shi ya fi kama da na asali, shi ya fi tsada, kuma masu yinsa sun fi yawa a manyan biranen kudu. In ka haɗa kuɗin cirewa da na gada ko dashe, sau da yawa za ka tarar ya zarce na gyaran da ka ƙi.

Haƙorin Makka da mahajjata ke dawowa da shi kwalliya ce da ake sawa kan lafiyayyen haƙori. In bakinsa bai zauna daidai ba, ruɓa kan ci gindinsa a ɓoye, don haka a riƙa kai shi ana dubawa.

An cire min yau. Me zan kiyaye, kuma ya batun azumi?

Cije audugar da aka sa maka minti 30 zuwa awa ɗaya. Jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa, duk ƙoƙarinka na yau kada ya fita: ban da kurkure baki da ƙarfi, ban da yawan tofi, ban da zungura da harshe ko tsinke, ban da shayi ko kunu mai zafi, ban da taba da goro. In za ka yi alwala, ka sa ruwan a hankali ka bar shi ya zubo da kansa. Daga gobe sai a fara kurkura da ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan cin abinci, sauran haƙora kuma a ci gaba da goge su da asuwaki ko buroshi ana kauce wa wurin.

In bayan kwana 2 zuwa 4 ciwo ya dawo fiye da na da, yana harbawa zuwa kunne, baki na wari, murfin ne ya fita ƙashi ya bayyana. Ka dawo a wanke a sa magani. In jini ya ƙi tsayawa bayan ka sake cije auduga mai tsabta na rabin awa, shi ma ka dawo a ranar.

Hukuncin azumi na malamai ne, ka tambayi naka. Ta ɓangarenmu, in abin ba na gaggawa ba ne mukan sa wa mai azumi lokaci dab da magariba, don in allurar ta sake shi ya samu ya ci abu mai laushi ya sha magani. Mai kumburi da zazzaɓi kuwa ba ma sa masa lokaci, a ranar da ya zo ake duba shi.